Mala Bakanike da Mutum na Shida

Duk mai bin titin da ya raba Fagge da Sabon Gari da sassafe ya san Baba Mala, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai tsagar Barebari, wanda yake fitowa daga masallaci bayan asuba, ya ratsa ta bayan Kantin Kwari tun ba a buɗe kantuna ba, ya nufi gindin durumin da garejinsa yake. Gareji ne dai a baki. Rumfar kwano ce da benci ɗaya, da akwatin kayan aiki, da ramin da ya haƙa da hannunsa don ya riƙa shiga ƙarƙashin mota. Yana isa zai tuɓe farar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya sa tsohon kakinsa da baƙin mai ya rine, ya yi bisimilla. Direbobin motocin gyaɗa sukan riga shi isowa. Ba ya surutu a bakin aiki, ba ya rantsuwa, ba ya ce maka gobe alhali ya san sai jibi.

In hantsi ya yi, sai wata mata 'yar Ibo ta ɓullo daga Kwari da ƙunshin atamfa a ka, za ta kasuwar Sabon Gari. Ta tsaya a bakin rumfar.

"Baba Mala, ina kwana? Yaya Inna Falmata?"

"Lafiya lau, Maman Ebere. Yaya kasuwa?"

"Mun gode Allah."

Shi ke nan, ta wuce. Sunanta Chinyere. Mutane da yawa sun ga wannan gaisuwa shekara da shekaru, kaɗan ne suka san mafarinta.

A bana, 1958, Baba Mala ya ajiye aiki. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, hannunsa ya fara rawa, ya miƙa akwatin ga Sammani, wanda suka daɗe suna aiki tare. Ba a yi masa taro ba, ba a rataya masa lambar yabo ba. A watan da ya ajiye aikin na ga an yi wa wani babban akawu liyafa har da makaɗa, saboda ya tsufa yana buga hatimi. Ban ƙi a yi masa ba. Amma raina ya ɓaci, kuma da ɓacin ran nake wannan rubutu. Ba gyaran mota ne ya sa nake jinjina wa Mala ba, ko da yake a nan ma ya isa. Wata magana ce da ya riƙe tun lokacin yaƙi. An kore shi daga aiki a kanta, an ja shi a ƙasa a kanta, an yi masa dariya a unguwarsu a kanta, bai sake ta ba. Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na ji daga bakinsa da bakin waɗanda suka gani.

Waɗanda suka yi wayo lokacin yaƙin Hitila sun tuna yadda jiragen sama suka cika filin jirgin Kano, wannan na sauka wancan na tashi, har kaji suka daina firgita. Turawa suka nemi masu hannu a aikin inji, aka ɗauki Mala, wanda a lokacin yake gyaran motoci. A can ya haɗu da Onyekachi, mijin Chinyere, mutumin Sabon Gari wanda ya koyi aikin ƙarfe a wurin gyaran kan jirgin ƙasa. Sunan ya yi wa Mala tsawo, sai ya yanke shi ya koma Kachi. Mala shiru-shiru ne, Kachi kuwa bakinsa ba ya hutawa. Aka haɗa su aiki a ƙarƙashin wani saje Bature.

Ana nan sai wani jirgin yaƙi mai jefa bom ya sauka da inji ɗaya a lalace, ya yi makonni a Kano ana jiran kayan gyara. Mutanensa biyar ne, duk samari. Mala ya san su da sunayen da ya ji suna kiran juna. Ros shi ne matuƙi, mai jan gashi, wanda ya koyi "sannu da aiki" ya riƙa faɗa wa kowa, har da jakuna. Tomas mataimakinsa ne, ya sayi takalmin fata a kasuwa zai kai wa uwarsa. Dankan mai duba hanya ya ɗanɗana goro ya tofar, ya ce shi da goro har abada, kashegari aka gan shi yana taunar wani. Hari mai waya yana son waƙa, Allah bai ba shi murya ba. Sai ɗan autansu Bili, mai bindigar wutsiya, wanda yake zama a kejin gilashi can bayan jirgi inda harsashi yake fara zuwa, amma in ya ga ƙadangare sai ya haye benci.

Na taɓa tambayar Baba Mala ko abokansa ne. Ya girgiza kai.

"Kada ka rubuta ƙarya, Malam. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Ɗakinsu daban, rumfarmu daban. Amma na san su. Ko daga nesa na hango tafiyar mutum, na san wane ne a cikinsu."

Da jirgin ya gyaru, aka tura shi wani sansani a bakin teku, can Kudu, don ya riƙa sintiri a kan ruwa yana neman jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku suna nutsar da jiragen kaya. Ros ya roƙa a tura masa mutanen nan biyu da suka san injinsa. Aka saka su a jirgin ƙasa. Mala ya bar matarsa Falmata a Fagge. Kachi ya bar Chinyere a Sabon Gari da 'yarsu Ebere, wadda ba ta isa shiga makaranta ba.

Sun yi watanni a can. Wata safiya a daminar 1943, jirgin yana shirin tashi, injin hagu ya sake fara tari. Aka duba, aka ɗaure, aka tayar, ya yi lafiya lau. Hankalin Ros bai kwanta ba. Ya ce injin nan ba ya nuna halinsa a ƙasa, yana son ɗaya daga cikin kanikawan nan biyu ya hau ya saurare shi a sama. Doka ta hana ɗaukar wanda ba soja ba a jirgin da zai fita sintiri. Hafsan da ke kula da tashin jirage a ranar yana tsaye a wurin. Ros ya yi masa magana, hafsan ya ɗaga kafaɗa ya ce a yi sauri.

Kachi ya daka tsalle, don tun a Kano yake burin hawa jirgi.

"Mala, in na dawo zan gaya maka yadda teku yake daga sama. Ka ajiye mini abincina, kada ka cinye!"

Mala ne ya riƙe masa tsani. Mala ne ya rufe ƙofar, ya janye katakon da ke tare tayoyi. Ya tsaya yana kallo har jirgin ya shige cikin gajimare.

Bai dawo ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi, Mala yana bakin fili da kwanon abincin Kachi a rufe. Wasu jirage suka fita nema kwana da kwanaki, abin da aka gani kawai shi ne mai yana yawo a kan ruwa. Har yau ba wanda ya san ko harbo su aka yi, ko injin ne ya mutu, ko hadari ne ya rutsa da su. Ba gawa, ba tarkace, ba kabarin da uwa za ta je ta tsaya a kai.

Aka tara mutanen sansani, limamin Turawa ya yi addu'a, ya ambaci mutum biyar. Mala ya jira na shida, bai ji ba. Ya ɗauka mantuwa ce. Ya nemi tafinta, suka je wurin hafsan nan.

"Ranka ya daɗe, an manta da mutum ɗaya. Su shida ne."

"Biyar ne."

"Onyekachi yana ciki. A gabanka ya hau."

Hafsan ya ce wa tafinta ya gaya masa ba wani baƙar fata da ya hau jirgin nan, don doka ta hana. Onyekachi bai zo aiki ba tun ranar, saboda haka gudu ya yi, kamar yadda irinsu suka saba.

"Ina ya gudu ya tafi, ranka ya daɗe, ya bar bargonsa da takalminsa da hoton 'yarsa?"

Hafsan ya ce in ya ƙara maimaita wannan magana, sunan matuƙin da ya mutu zai ɓata.

"Ros bai ji kunyar ɗaukarsa ba," in ji Mala. "Da rana ya ɗauke shi, a gaban kowa."

Jama'a, ku duba wannan da kyau. Mutum ya bar matarsa da 'yarsa, ya tafi yaƙin da ba ubansa ne ya tayar ba, ya mutu a cikin teku tare da 'ya'yan Turawa, sannan don hafsa ɗaya ya tsira da aninan kafaɗarsa aka mai da mamaci magujin aiki. Akwai leburori biyu da suka ga hawan Kachi. Aka kira su, suka sunkuyar da kai suka ce ba su gani ba. Ban zarge su ba, suna da iyali. Sajen nan Bature, wanda shi ma aka turo shi sansanin, ya sani sarai, ya kawar da kai. Shi kam na zarge shi. Mala ma yana da iyali, kuma an nuna masa hanya mai sauƙi: ya yi shiru ya ci gaba da aikinsa. Ya ci gaba da faɗa a rumfar cin abinci, da bakin fili, da gaban duk wanda ya tsaya ya saurara. Aka sallame shi a kan yana tayar da fitina, aka raka shi tasha.

Kafin ya iso Kano, ƙarya ta riga shi. An aiko wa Chinyere cewa mijinta ya gudu daga aiki, in ya ɓullo gida a kai rahoto. Kan ka ce me, Sabon Gari ta ɗauka, har wani ya ce an gan shi a Ikko da wata mace. Mala bai je gidansa daga tasha ba. Da ƙunshin kayan Kachi a hammata ya shiga layi-layi yana tambaya. Chinyere da kanta ta ba ni labarin.

"Na ga dogon mutum a ƙofa riƙe da bargon mijina. Ban san shi ba. Ya ce, 'Ke ce matar Kachi?' Na ce ni ce. Ya ce, 'Mijinki bai gudu ba. Ya mutu a bakin aikinsa tare da mutum biyar. Ni na rufe musu ƙofa.' Malam, na faɗi ƙasa ina kuka, amma Allah ya sani rabin kukan nan na samun sauƙi ne. Gara a ce mini ya mutu da a ce ya yar da mu."

Sai dai dattawan garinsu da ke Sabon Gari suka ce ba za a yi wa mutum jana'iza ba alhali hukuma ta ce yana da rai, ba kuwa za su bar maganar hukuma su kama ta baƙo ɗaya ba. Haka Chinyere ta zauna, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba.

Mala ya kafa rumfarsa a gindin durumi. Falmata ta ja Chinyere ta kai ta wurin kawunta Alhaji Dabo, dillalin atamfa a Kwari, nan sana'arta ta fara. Ebere ta tashi tsakanin gida biyu, tana cin burabusko a Fagge, tana zuwa coci a Sabon Gari, Hausarta kuwa ba ka bambanta ta da ta 'ya'yan Falmata. Shi kuma Mala ya shiga bin ofisoshi da maganarsa. A nan a ce masa maganar tana Ikko, in an tambayi Ikko a ce tana Ingila. Har masinjoji suka gane shi, suna hango shi sai su ce Bature ba ya nan.

Da ya ga ƙofofi sun rufe, sai ya nemi wurin da ba shi da ƙofa. Kowace shekara a watan Nuwamba, Turawa da tsofaffin soja sukan yi fareti, a busa begila, a yi shiru don tuna waɗanda suka mutu a yaƙi. Mala ya sa fararen kaya ya je ya tsaya a bayan igiya tare da 'yan kallo. Da begila ta yi shiru, wuri ya yi tsit, sai aka ji murya.

"Ros. Tomas. Dankan. Hari. Bili. Onyekachi."

Sammani yana wurin a karon farko. Ya ce mini, "Ba ihu ya yi ba, Malam. Kamar mai kiran mutanen gida su zo cin abinci. Amma kowa ya ji. Masu gadi suka yi kansa, suka ja shi a ƙasa, rigar ta yage, hular ta faɗi wani ya taka. Na ɗauka ya daddara. Shekara na zagayowa ya ce in wanke masa keke."

Daga baya masu gadin suka riƙa tare shi tun a hanya. Sai ya tsaya a inda aka tare shi, ya kasa kunne, in ya ji begila ta ɗauke ya kira sunayensa. Ni ma na gan shi da idona wata shekara, tsaye a rana a gefen titi, mai gadi riƙe da hannun rigarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan: a duk taron nan, da masu lambobi a ƙirji da matansu masu huluna, ba wanda ya san samarin nan biyar. Mutum ɗaya ne a Kano ya san wanda yake tsoron ƙadangare a cikinsu da wanda ya saya wa uwarsa takalmi, kuma shi ne mutanensu suke ja a ƙasa a ranar da suka ce ta tunawa ce.

Mu ma na gida ba mu kyauta ba. A Fagge aka laƙaba masa "Mala mai makokin Nasara". Duk damina, in ranar da jirgin ya ɓace ta zagayo, Falmata takan dafa babbar tukunya a kai gareji, duk wanda ya zo wucewa ya ci. Masu zaman bakin titi su ci su ƙoshi, su koma benci suna yi masa dariya. Wata shekara limamin unguwa ya tare shi a gaban mutane.

"Mala, na ji an ce addu'a kake yi wa waɗanda ba sa salla."

"Allah gafarta Malam, hukuncinsu yana wurin Ubangijinsu, ban isa in sa baki ba. Ni shaida nake bayarwa. Na ga mutum shida sun hau, an ce biyar. In na yi shiru, da wane baki zan amsa ranar da aka tambaye ni?"

Liman mutumin kirki ne. Ya ce ɓoye shaida zunubi ne, wannan ba gardama. Ya zauna a bencin Mala ya ce a zubo masa abincin.

Sai rikicin 1953, wanda ba na son tunawa, lokacin da Fagge da Sabon Gari suka fuskanci juna da adduna da duwatsu. Abin ya rutsa da Chinyere da Ebere a Kwari da rana tsaka, hanyar gida ta toshe, suka ruga gidan Mala. Ya shigar da su ɗakin Falmata, ya shimfiɗa tabarma a bakin zaure ya zauna da tasbaha. Wasu samari suka zo da sanduna.

"An ce akwai Ibo a gidan nan."

"Akwai. Matar ɗan'uwana ce da 'yarsa. Wanda zai shiga sai ya taka ni."

Ɗayansu ya sauke masa gora a kafaɗa. Mala bai tashi ba. Maƙwabciyarsa Yagana ce ta leƙo ta kan katanga ta shiga kiran samarin ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da sunan uwarsa, har kunya ta kore su. Kafaɗar nan ba ta koma daidai ba har yau. Da ita ya ci gaba da ɗaga giyar mota.

A bana ƙaryar nan ta sake tasowa ta inda ba a zata ba. Ebere ta gama karatu ta zama malamar makaranta. Wani kafinta mai suna Obinna ya nemi aurenta, tana sonsa yana sonta. Danginsa suka yi binciken asali kamar yadda al'adarsu take, suka dawo da cewa ubanta magujin aiki ne wanda ya yar da iyalinsa, irin wannan jini ba zai shigo musu gida ba. Aka dakatar da magana. Ebere ta zo gareji idonta jawur.

"Baba, har yaushe za a riƙa hukunta ni da laifin da bai yi ba?"

Mala ya fito daga rami, ya wanke hannu da kananzir, ya ce ta gaya wa uwarta ranar Lahadi yana nan zuwa.

Dattawan ɓangarorin biyu suka taru a tsakar gidan Okechukwu, kawun Obinna, bayan an taso daga coci. Mala ya ba da labarin tun daga saukar jirgin a Kano har zuwa man da aka gani a kan ruwa. Da ya gama, Okechukwu ya ce, "Baba, mun ji. Amma hukuma ta ce ya gudu, kai kaɗai ka ce ya mutu. Don me za mu bar tasu mu ɗauki taka?"

"Wanda ya ce ya gudu ya koma ƙasarsu da aninansa," in ji Mala. "Ni da na ce ya mutu an kore ni. Ku duba wanda maganarsa ta amfana."

Wata tsohuwa daga gefe ta ce wannan ai shi ne mutumin da ya zauna a bakin ƙofa lokacin rikici. Aka fara gunaguni, wasu na gyaɗa kai, wasu na cewa kirki daban, shaida daban. Sai Mala ya nemi ruwa. Ya yi alwala a gabansu, ya ciro Alƙur'ani daga gafakar da ya rataya, ya ɗora hannu. Duk wanda ya zauna a Kano, ko wane addini yake yi, ya san nauyin wannan, kuma Obinna ya gaya musu cewa mutumin nan ko a ciniki ba a taɓa jin ya ce wallahi ba. Ya rantse cewa shi ya riƙe wa Onyekachi tsani, shi ya rufe ƙofa, kuma jirgin ya tashi da shi.

Can Okechukwu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"To in haka ne," ya ce, "ba maganar aure ce a gaba ba. Akwai mamacin da ba mu yi wa jana'iza ba."

Aka yi ta, shekara goma sha biyar bayan lokacinta. Bargon nan aka shimfiɗa a inda akwatin gawa ya kamata ya kasance. Chinyere ta sa baƙaƙen kaya, ta roƙi a ambaci samarin nan biyar tare da mijinta, ta ce tunda ruwa ɗaya ya ci su, kada a raba su. Mala yana zaune a bakin ƙofar cocin a kan kujerar da aka fito masa da ita, yana jin sunayen daga bakin wani a karon farko. Sammani ya ce ya ga hawaye yana bin tsagar fuskarsa. Bayan watanni aka ɗaura aure, aka zaunar da shi a mazaunin uban amarya. Ƙwaryar giya ta tsallake shi, aka miƙa masa goro ya fasa.

Sabon Gari ta karɓi shaidarsa, Fagge ta daina dariya. Amma a wurin hukuma har gobe Onyekachi magujin aiki ne. Yau 'ya'yanmu ne suke hawa kujerun ofisoshin nan, ana ta maganar mulkin kai. To ga aiki a gabansu wanda ba ya bukatar jiran kowa: a kira dattijon nan, a ba shi kujera, a saurare shi, a wanke sunan mamaci. In ba za mu iya wannan ba, me za mu yi da mulkin?

Makon jiya na je gaishe shi. Yana zaune a zaurensa, hannuwansa sun fara yin haske saboda rabuwa da baƙin mai. Na tambaye shi ko yanzu hankalinsa ya kwanta.

"Da sauƙi, Malam. Abu ɗaya ne ya rage. Ni kaɗai ne na gani nake faɗa. In na mutu, tasu maganar ce za ta zauna. Ga shi idon nan ba zai kai ni wurin fareti ba bana, keke ya fi ƙarfina."

Baba Mala, na Falmata, dutsen bakin ƙofa. Kai ne aka ce ka zaɓi aikinka ko gaskiyar mamaci, ka ɗauki bargonsa ka hau jirgin ƙasa. Kai ne ka riƙe sunayen samari biyar waɗanda ba su taɓa zama da kai a tabarma ɗaya ba, iyayensu a can ba su ma san kana duniya ba. Kai ne ka mayar wa mace takabarta, ka mayar wa 'ya ubanta. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idonka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu karatu, gidaje nawa ne a garin nan da mutanensu suka tafi yaƙin Bama da Habasha ba su dawo ba, yau ko sunansu ba a kira? Ku tambayi tsofaffinku tun suna da rai. Wanda ya ga abu da idonsa ya faɗa, ko da na sama da shi ya ce bai faru ba. Ku je ku gaishe da Baba Mala yanzu, kada ku bari sai an shimfiɗa tabarmar gaisuwa a ƙofar gidansa.

Maganar fareti kuwa, Baba, ka daina damuwa. Sammani ya ce zai kawo mota. Obinna da Ebere za su zo, Liman ya ce a biyo masa, ni ma ina nan, kuma duk mun haddace sunayen. Masu shirya taro su tanadi isassun masu gadi, don bana ba mutum ɗaya za su ja a ƙasa ba.